Gani ya daina korar ji: Yadda bankuna da 'yan damfara ke kokawa a kan fuskar mai asusu

Duk wanda ya buɗe asusun banki ta waya a 'yan shekarun nan ya san yadda abin yake. Manhaja za ta kunna kyamarar gaba, ta zana da'ira, ta ce ya saka fuskarsa a ciki. Sai ta ce ya ƙifta ido, ya juya kai dama ko hagu, wani lokaci har ya buɗe baki.

Kafin minti biyar lambar asusu ta fito. Bai shiga mota ba, bai bi layi ba, bai cike takarda ko ɗaya ba.

A cikin wannan ɗan lokaci bankin yana neman amsar tambayoyi biyu ne. Shin wannan fuskar ita ce ta mai lambar BVN ko NIN ɗin da aka shigar? Kuma shin mutum ne mai rai a gaban kyamarar, ko hoto ne aka ɗaga mata?

A da ma'aikacin banki ne ke amsa tambayoyin da idonsa. Yanzu ƙirƙirarriyar basira ce, wato AI, ke amsawa. Matsalar ita ce, 'yan damfara ma sun samu irin wannan basirar, kuma da ita suke ƙera fuskoki da muryoyin da ba na gaske ba.

Taron da mutum ɗaya ne kawai na gaske

A farkon watan Fabrairun 2024 'yan sandan Hong Kong suka bayyana wani lamari da ya girgiza harkar kuɗi a duniya.

Wani ma'aikacin sashen kuɗi na wani babban kamfani ya samu saƙo da sunan shugaban harkokin kuɗin kamfanin da ke Birtaniya, ana neman a tura wasu kuɗi a asirce. Da farko bai yarda ba. Sai aka gayyace shi taron bidiyo.

A taron ya ga shugaban, ya ga abokan aikin da ya sani, ya ji muryoyinsu. Hankalinsa ya kwanta. Ya tura dalar Hong Kong miliyan 200, kimanin dalar Amurka miliyan 25, a tiransfa 15 zuwa asusu biyar.

Daga baya ta bayyana cewa shi kaɗai ne mutum na gaske a taron. Sauran duk kwamfuta ce ta ƙera su daga bidiyo da muryoyin mutanen da ake iya samu a intanet. A watan Mayun shekarar kamfanin injiniyoyi na Arup, mai hedikwata a Landan, ya tabbatar cewa shi abin ya shafa.

'Yan sandan sun kuma faɗi wani abin da ya fi shafar bankuna kai tsaye. Sun ce tsakanin Yuli da Satumban 2023 an yi amfani da katin shaida takwas da aka sace wajen neman bashi sau 90 da buɗe asusu 54, kuma aƙalla sau 20 an yi amfani da fuskar bogi don yaudarar na'urar tantance fuska.

Irin wannan bidiyo ko murya na jabu shi ake kira dipfek. Hausawa na cewa gani ya kori ji. A harkar banki ta yau, ganin ma sai an bincika.

Yadda Najeriya ta zo nan

Tushen tantance masu asusu a Najeriya shi ne lambar BVN, wadda Babban Bankin Najeriya, CBN, ya ƙaddamar a watan Fabrairun 2014. Lamba ce mai alƙaluma 11 da aka haɗa da zanen yatsun mutum da hoton fuskarsa, kuma kamfanin NIBSS, wanda ke haɗa hada-hadar bankunan ƙasar, shi ke riƙe da rumbun bayanan.

Kafin zuwanta mutum ɗaya zai iya buɗe asusu a bankuna daban-daban da sunaye daban-daban, babu mai ganewa. Yanzu mutane sama da miliyan 60 ne ke da lambar. Ita kuwa lambar zama ɗan ƙasa ta NIN, wadda hukumar NIMC ke bayarwa, waɗanda suka mallake ta sun haura miliyan 100.

Ƙarancin takardun kuɗi da aka yi fama da shi a farkon 2023, lokacin sauya fasalin naira, ya tura jama'a da dama zuwa bankunan waya irin su OPay da PalmPay da Moniepoint da Kuda. Mai shayi, mai nama, ɗan adaidaita, kowa ya koma karɓar tiransfa. Galibin waɗannan asusu ta waya aka buɗe su, wasu da lambar waya kawai.

Sauƙin ya zo da ɓaraka. A watan Disamban 2023 CBN ya ba da umarnin cewa ko ƙaramin asusu na matakin farko sai an haɗa shi da BVN ko NIN, manyan asusu kuma sai da duka biyun. Ya ce daga 1 ga Maris 2024 duk asusun da bai cika sharaɗin ba za a hana fitar da kuɗi daga cikinsa.

A ƙarshen Afrilun 2024 aka dakatar da waɗancan kamfanoni huɗu daga karɓar sababbin kwastomomi, ba a sake su ba sai a watan Yuni, bayan sun tsaurara hanyoyin tantancewa. Daga nan ne duba fuska ya zama ruwan dare a manhajojin kuɗi.

A watan Mayun 2025 kuma CBN da NIBSS suka buɗe hanyar da 'yan Najeriya mazauna ƙasashen waje za su samu BVN ta intanet ba sai sun dawo gida ba. Wannan ma a kan tantance fuska daga nesa ya dogara.

Ba Najeriya kaɗai ba ce. A Ghana, tun daga 1 ga Yulin 2022 katin Ghana Card ne kaɗai shaidar da bankuna ke karɓa.

Abin da ke faruwa idan an ƙifta ido

Kwamfuta ba ta ganin fuska yadda ɗan Adam ke gani. An horar da ita ne da miliyoyin hotuna har ta iya mayar da kowace fuska jerin lambobi, sau da yawa ɗaruruwa, waɗanda ke wakiltar siffofin da ba su cika sauyawa ba.

Idan mutum ya ɗauki hoton kansa, sai a mayar da shi lambobi, a kwatanta da lambobin hoton da ke rumbun BVN ko NIN. Sakamakon ba "e" ko "a'a" ba ne, maki ne na yawan kamanni. Bankin ne ke yanke inda zai ja layi.

A nan gizo ke saƙa. Idan aka sassauta layin, ɗan'uwa mai kama da mai asusu ko ɗan damfara zai iya wucewa. Idan aka tsaurara, mai asusun na gaskiya da ya rame, ko ya tsufa, ko ya ajiye gemu bayan hoton da aka ɗauke shi shekara goma baya, sai a ƙi shi. Babu inda za a ja layin da zai kawar da kuskuren biyu gaba ɗaya.

Mataki na biyu shi ne tabbatar da cewa mai rai ne. Ƙifta ido da juya kai na daga cikinsa, domin hoton takarda ba ya motsi. Amma akwai binciken da ake yi ba tare da mutum ya sani ba. Manhajar na duba yanayin fata, da yadda haske ke sauka a goshi da ido, da ɗigo-ɗigon da ke fitowa idan an ɗauki hoton fuskar wata wayar. Wasu manhajojin kan haska launuka daban-daban a fuskar mutum su ga ko hasken ya dawo yadda ya kamata.

Idan da katin shaida, shi ma ana karanta rubutunsa, a duba ko an taɓa hoton ko an sauya ranar haihuwa.

Akwai kuma binciken wayar kanta. Wace iri ce? A ina take? Asusu nawa aka taɓa buɗewa da ita? Waya ɗaya da ta buɗe asusu talatin da sunaye talatin cikin mako guda ta tona asirin kanta, ko da kowace fuska ta ci jarrabawa.

Su ma ɓarayin ba su yi barci ba

Dabarar farko ta 'yan damfara ita ce ɗaga hoto ko kunna bidiyo a gaban kyamara. Manhajoji masu inganci sun iya kama wannan.

Dabarar da ta fi tayar da hankali yanzu ita ce tsallake kyamarar baki ɗaya. Ɓarawon zai samu hoton mutum daga Facebook ko WhatsApp, ya sa manhajar da ke ɗora wannan fuskar a kan tasa. Idan ya ƙifta, fuskar aron ta ƙifta. Idan ya juya, ta juya. Sai ya cusa bidiyon kai tsaye cikin manhajar bankin, ita kuma ta ɗauka daga kyamara yake fitowa.

Wasu kuma fuskar ta gaske suke sacewa. A Fabrairun 2024 kamfanin tsaron intanet na Group-IB ya bankaɗo wata muguwar manhaja mai suna GoldPickaxe da aka yaɗa a Tailan da Biyetnam. Tana zuwa ne da rigar manhajar gwamnati, ta nemi mutum ya ɗauki hoton katinsa da bidiyon fuskarsa, sannan ta aika wa ɓarayi. Abin lura shi ne ta ɓullo ne bayan da Babban Bankin Tailan ya wajabta duba fuska ga duk tiransfa ta baht 50,000 zuwa sama. Da aka sauya makulli, sai ɓarayi suka koma neman sabon mabuɗin.

A wannan watan ne kuma kafar labarai ta 404 Media ta fallasa wani shafi mai suna OnlyFake da ke ƙera hoton katin shaida na jabu a kan dala 15. Ɗan jaridar ya gwada ɗaya, kuma ya tsallake tantancewar wata kasuwar kuɗin kirifto.

Murya ma ba ta tsira ba. Tun a 2017 wani wakilin BBC ya nuna cewa ɗan'uwansa da suke tagwaye ya iya kwaikwayon muryarsa ya shiga asusunsa na bankin HSBC. A 2023 wani ɗan jarida ya shiga nasa asusun na bankin Lloyds da muryar da kwamfuta ta ƙera. Kafin nan, a 2019, an damfari wani kamfanin makamashi a Birtaniya yuro 220,000 ta kiran waya da muryar da ta yi kama da ta shugaban uwar kamfanin da ke Jamus.

Lamarin ya kai hukumar FinCEN ta Amurka, mai sa ido kan laifukan kuɗi, ta fitar da gargaɗi ga bankuna a Nuwamban 2024 kan ƙaruwar amfani da dipfek wajen buɗe asusu.

Ɓarakar da ta fi kusa: sayen suna

A Najeriya, ɗan damfara ba lallai ne ya wahalar da kansa da ƙera fuska ba. Akwai hanya mai arha, wato ya sayi ta gaske.

A watan Yulin 2025 hukumar EFCC ta ce ta gano matasa kusan 12,000 a sassan ƙasar da ke bin mutane suna karɓar bayanansu na NIN da BVN da hotuna a kan naira 1,500 zuwa 2,000, su kuma sayar a kan kusan naira 5,000. Da waɗannan bayanai ake buɗe asusun da ake zuba kuɗin damfara.

Galibi da sunan tallafi ake zuwa. A ce za a raba kuɗi ko kayan abinci ko bashin noma, a karɓi lambar mutum, a ce ya kalli waya ya ƙifta ido domin "rajista". Ya ƙifta, a sallame shi da ɗan abin da aka ba shi. Bai san an buɗe asusu da sunansa a wayar wani ba.

A irin wannan yanayi na'ura ba ta yi kuskure ba. Fuskar ta gaske ce, mai rai ce, kuma ta dace da BVN. Abin da na'urar ba ta iya gani shi ne wanda zai riƙe asusun bayan an tashi.

Haɗarin kuwa a kan mai sunan yake. Ranar da aka bi sawun kuɗin damfara ko na fansa, ƙofarsa za a fara ƙwanƙwasawa. Tsarin CBN ya tanadi jerin masu BVN ɗin da aka samu da hannu a damfara, kuma wanda ya shiga jerin zai gamu da cikas a duk bankunan ƙasar, ba ɗaya kaɗai ba. Ga kuma dokar laifukan intanet ta 2015 da dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022.

Wata ɓarakar ita ce fitar bayanai. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta nuna cewa akwai shafukan intanet da ke sayar da bayanan NIN na mutane a kan kuɗin da bai wuce naira 100 ba. Wannan ne ya sa ɗan damfara zai kira mutum ya faɗi cikakken sunansa da ranar haihuwarsa daidai, har ya yarda daga banki ne.

Ido na biyu: bin sawun kuɗi

Tun da ƙofar shiga ba ta isa ba, bankuna na sa ido a kan abin da ke faruwa bayan an shiga.

A da ƙa'idoji ne tsayayyu. Misali, duk tiransfar da ta haura adadi kaza a tsayar da ita. Ɓarayi sukan gane ƙa'idar su riƙa tura abin da bai kai ba. Yanzu kwamfuta ce ke koyon ɗabi'ar kowane asusu: lokacin da mai shi ke tura kuɗi, nawa, ga su wa, daga wace waya, daga wane gari.

Idan asusun malamin makarantar da albashi kawai ke shiga ya tashi da ƙarfe biyu na dare, daga sabuwar waya, yana ƙoƙarin kwashe komai zuwa lambar da bai taɓa tura wa ba, makin haɗari zai yi sama. Sai a nemi ya sake nuna fuska, ko a jinkirta, ko a tsayar.

Haka ake farautar asusun aro. Alamarsu ita ce kuɗi na shigowa daga mutanen da ba su da alaƙa da juna, su fice cikin mintuna, a rarraba su zuwa wasu asusun, a ƙarshe a cire a wurin masu POS ko a sayi kirifto. Idan aka zana hanyoyin kuɗin kamar saƙar gizo, tsakiyar takan fito.

Sauri ne ya sa aikin ya fi ƙarfin ɗan Adam. A 2024 kuɗin da suka bi ta tsarin tiransfar nan take na NIBSS sun haura naira tiriliyan 1,000. Kowace tiransfa na kammaluwa cikin daƙiƙoƙi, hukuncin a bar ta ko a tare ta kuma dole a yanke shi kafin nan.

Tsarin na aiki. Kamfanin Visa ya ce a shekarar kuɗinsa ta 2023 ya tare hada-hadar damfara ta dala biliyan 40. Amma bai kawo ƙarshen asara ba. Alƙaluman NIBSS sun nuna cewa abin da aka rasa ta damfara a bankunan Najeriya ya tashi daga naira biliyan 17.67 a 2023 zuwa biliyan 52.26 a 2024, duk da cewa yawan ƙorafe-ƙorafen ya ragu. Wato hare-haren sun ragu, amma kowane ɗaya ya ƙara nauyi.

Rahotannin NIBSS sun kuma sha nuna cewa hanyar da aka fi cutar mutane da ita ba kutse ba ce, daɗin baki ne. A kira mutum a tsorata shi cewa za a rufe asusunsa, ko a kwaɗaita masa riba, shi da kansa ya karanto lambar OTP ko ya tura kuɗin. Idan mai asusu ne da wayarsa da fuskarsa ya danna, da wuya na'ura ta gane an yi masa sakiyar da ba ruwa.

Wanda na'ura ta ƙi

Akwai ɗaya ɓangaren da ba a cika magana a kansa ba, wato mai gaskiyar da na'ura ta ce ba ta san shi ba.

A Disamban 2019 cibiyar NIST ta gwamnatin Amurka ta gwada tsare-tsaren gane fuska 189 daga kamfanoni 99. Ta gano cewa da yawansu sun fi rikita fuskokin mutanen Yammaci da Gabashin Afirka da Gabashin Asiya, su ɗauki wani a matsayin wani, ninki 10 zuwa 100 fiye da yadda suke yi wa fararen fata. Wasu tsare-tsaren mafiya inganci ba su nuna wannan gibi sosai ba.

Shekara guda kafin nan, binciken Joy Buolamwini, 'yar asalin Ghana, da Timnit Gebru ya nuna cewa manhajojin da ke bambance mace da namiji ta hoto na kuskuren da ya kai kashi 34.7 cikin 100 a kan mata baƙaƙe, alhali a kan maza farare bai wuce kashi 0.8 ba. Babban dalili shi ne hotunan da aka horar da su.

An samu ci gaba tun daga lokacin. Amma akwai matsalolin da ba na lissafi ba. Ƙaramar waya mai raunin kyamara, ɗaki mai duhu saboda rashin wuta, sabis ɗin da ke yankewa ana tsakiyar ɗaukar hoto. Manomi ko maƙerin da aiki ya cinye zanen yatsunsa. Hukumar JAMB ma ta taɓa gargaɗin ɗalibai kan sa lalle a yatsu saboda yana hana na'ura karantawa. Ga bambancin rubutun suna, Muhammad a BVN, Mohammed a NIN, wanda shi kaɗai kan sa a yi ta zarya.

Na'urar bin sawun kuɗi ma na iya zargin mai gaskiya. Dillalin hatsi a Dawanau lokacin kaka, ko mai sayar da raguna ana jajibirin Babbar Sallah, zai ga kuɗi na shigowa daga baƙi da yawa suna fita da sauri. A idon kwamfutar da ba ta san kasuwar ba, wannan ya yi kama da asusun aro. Rufe masa asusu na kwana uku a irin wannan lokaci asara ce ta gaske.

Wannan ya fi shafar Arewa. Binciken EFInA na 2023 ya nuna cewa kashi 26 cikin 100 na manyan 'yan Najeriya ba sa mu'amala da kowace irin cibiyar kuɗi. A Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 47, a Arewa maso Gabas kashi 38, alhali a Kudu maso Yamma kashi 5 ne. Buɗe asusu ta waya ita ce hanya mafi kusa ga mazauna ƙananan hukumomin da ba su da reshen banki ko ɗaya. Tana kuma sauƙaƙa wa matan da za su fi son ɗaukar hoton fuskarsu a cikin gida. Idan aka tsaurara ƙofar ba tare da tanadin wanda zai saurari ƙorafi ba, waɗanda aka yi tsarin dominsu su ne za su fara zama a waje.

Wa ke riƙe da fuskar, wa ke biyan asarar?

Lambar sirri idan ta fita, ana sauya ta. Fuska ba a sauya ta.

Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta sanya bayanan jiki, irin su fuska da zanen yatsa, cikin bayanai masu buƙatar kulawa ta musamman, ta kuma kafa hukumar NDPC. Dokar ta ba mutum damar sanin abin da ake riƙe da shi a kansa da neman a gyara kuskure. Ta kuma ba shi damar ƙin amincewa da hukuncin da na'ura kaɗai ta yanke a kansa, da neman ɗan Adam ya sake dubawa.

Sai batun wanda zai ɗauki asara. A Birtaniya, daga 7 ga Oktoban 2024 an wajabta wa bankuna mayar wa wanda aka yaudara ya tura kuɗi da kansa har fam 85,000, kuma bankin da aka tura daga gare shi da wanda ya karɓa ne ke raba nauyin biyu. Hikimar ita ce bankin da ya san zai biya ba zai yi sakaci da wanda yake buɗe wa asusu ba.

Abin da ke hannun mai asusu

Banki ba ya kiran mutum ya nemi lambar sirrin katinsa ko OTP. Duk wanda ya nema, ko da ya faɗi sunan mutum da ranar haihuwarsa daidai, a kashe wayar.

Kada a ƙifta ido ko a juya kai a gaban wayar wani da sunan rajistar tallafi. Kada a ba da aron asusu, ko da ɗan'uwa ne ya ce kuɗi kawai za a turo masa.

Idan murya ko bidiyon wani makusanci ya zo yana neman kuɗi da gaggawa, a katse, a kira shi ta lambar da aka sani, ko a tambaye shi abin da su biyu kaɗai suka sani. Gaggawa da neman a rufa asiri su ne alamun da suka bayyana a damfarar Hong Kong, kuma su ne ke bayyana a ta cikin unguwa.

A sauke manhajar banki daga Play Store ko App Store kawai, ba daga saƙon WhatsApp ba. A sa wa layin waya lambar sirri, domin wanda ya tsinci layin zai iya danna *565*0# ya ga BVN. Idan waya ta ɓata, ko layin ya ɗauke haka kawai, a sanar da banki da kamfanin layin nan take. Wanda zai daina amfani da layi ya fara cire shi daga asusunsa, domin kamfanoni na sake sayar da layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba.

Idan kuma an riga an cuci mutum, mintunan farko su ne masu tsada. Ya kira bankinsa ya nemi a bi kuɗin a tsayar, ya karɓi lambar ƙorafi, ya kai rahoto ga 'yan sanda ko EFCC. Idan mako biyu suka wuce bankin bai warware ba, yana da damar kai ƙara sashen kare haƙƙin kwastomomi na CBN.

Bankuna za su ci gaba da sabunta na'urorinsu, 'yan damfara ma za su ci gaba da sabunta nasu. Ma'aikacin Hong Kong ya yi shakka tun a saƙon farko, fuskokin da ya sani ne suka kore shakkar. Bai gano gaskiya ba sai da ya tuntuɓi hedikwatar kamfanin, kuma a lokacin dala miliyan 25 sun riga sun tafi.